Ranar da Yaya Ta Amsa Laifi

Yawancin rayuwata na yi ta ne a ƙarƙashin rumfa ɗaya, daura da ƙofar jastis, wato kotun gwamnati ta Agadez, ni da tabur da mashin ɗin buga takardu. Mai ƙara ya zo ya faɗa mini damuwarsa da Hausa, in juya masa ita zuwa Faransanci, ya kai ciki. Tambayoyin mutane ba su da yawa, fuskokin ne kawai ke sakewa. Miji ya yi saki da baki, babu takarda, ya saku? Ya tafi shekara biyu ko aike babu, ina iya yin aure? In an rabu, ɗa na wa ne? Sai kuma wadda ake yi da murya ƙasa-ƙasa, bayan an waiga hagu da dama: in mai shari'a ya tambaye ni, in amsa ko in musa? Duk na iya amsa su ko daga barci aka tashe ni. Ta ƙarshen ce kawai har yau take tsaya mini a wuya, saboda yayata ta taɓa yi mini ita.

A bakin jastis ba mu masu mashin kaɗai ke zama ba. Akwai wani dogon dakali a jikin katanga inda masana ke wuni. Masana nake ce musu don ba ni da wani suna mai tsafta da zan sa a littafi. Tsofaffin masinjojin biro ne, wato ofisoshin gwamnati, da tsofaffin gardi, babu wanda ya taɓa buɗe littafin doka a cikinsu, galibinsu ko sunansu ba su iya karantawa, amma kafin shayi ya tafasa sun yanke wa mutum uku hukunci. Ba su karɓar komai a hannun kowa, kuma wannan ne ya sa suka fi haɗari, don mutane na ganin shawarar da aka bayar saboda Allah ba ta cutarwa. Shugabansu kawuna ne, ƙanen mahaifiyarmu. Gardi ne tun zamanin Nasara, aikinsa riƙe ƙofa da tsawata wa masu tari. Duk ilimin shari'arsa daga bakin ƙofar nan ya tsinto shi, yadda kaza ke tsintar tsaba a gindin turmi. Ya bar aiki da daɗewa amma bai bar ɗamarar fatar nan mai faɗi ba, kullum tana ƙugunsa a kan riga. Shi ya samar mini wurin zama a rumfar, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Shekarar da nake magana, fari ya kai wa kowa iya wuya. Makiyaya sun cika bayan gari da bukkokin tabarma, babu ko akuya. Masu lambun Dabaga sun bi ruwa a rijiya har igiya ta ƙare. Soja kuma ba su daɗe da karɓar mulki ba, sun shigo da fushi a kan batun hatsin taimako, suka ce duk wanda ya taɓa shi zai gane kurensa. Aka ba kowane gida karti, aka rubuta yawan bakunan gidan a kai, da shi ake karɓar wata jar dawa wadda a shekarar ƙoshi ko jaki sai ya shinshina ya kau da kai. Labarin buhunan da suka yi ƙafa kowa ya ji shi, amma ni dai a ƙofar da nake zaune ban taɓa ganin an shigo da mai buhu ba. Masu tiya ɗaya da tiya biyu nake gani.

Yaya badukiya ce, tana ɗinkin jakunkuna da takalma a tsohon gari. Mijinta ɗan kasuwa ne na dabino da gishiri, fari ya kashe kasuwar. Wata safiya ya ce ya sake ta saki ɗaya, a gaban tsohuwarsa, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya yi kudu. Irin sakin nan ne na shekarar yunwa, wanda namiji ke yi don ya rage bakunan da ke kallonsa, sa'an nan ya ce ƙaddara ce. Ya bar ta a gidansa da ɗiyarsu mai shekara shida da kuma tsohuwar, wadda ido ya riga ya tafi. Kartin gidan baki uku ne: shi, da Yaya, da yarinya. Sunan tsohuwa ba ya ciki, yana kan kartin babban ɗanta da ke sayar da kaya a bakin hanya a Aderbissinat. Shi ke karɓar rabonta a can, ita kuwa tana nan tana hamma. Sai Yaya ta ci gaba da karɓar rabon mutum uku, tana dafa wa tsohuwa rabon ɗanta da ya gudu. Duk unguwa an sani, babu wanda ya ga abin magana.

Wan mijin nan ne ya zo neman yarinya. Bai taɓa saya mata ko alewa ba, amma ya ce jininsu ce, ba za ta tashi a hannun bazawara ba. Ni na san lissafinsa: ƙarin baki ɗaya a karti, ƙarin hannu biyu a bakin rijiya. Aka je gaban alƙalin fada, inda ake kai maganar aure da riƙon 'ya'ya. Alƙali ya ce yarinya ƙarama ce, uwarta ba ta yi wani aure ba, don haka tana hannun uwa matuƙar ba a sami wani aibi ga uwar ba. Mutumin bai yi gardama ba. Ya ɗauki maganar alƙali ya sa a aljihu, ya tafi neman aibi. Bayan kwana kaɗan sai ga jandarma a ƙofar Yaya, wai an kawo ƙarar sakakkiyar mace tana karɓar hatsi da sunan namijin da ba ya gari. Aka sa ranar shiga jastis.

Lokacin ina da sartifika ta lakol, takardar gama makarantar boko, na yi shekara biyu a kan mashin, kuma na san abin da ya kamata ta faɗa. Ba wani ilimi ne mai zurfi ba. Ranar da aka kama ta ko wata biyu ba a yi da sakin ba, tana cikin idda, kuma mace mai idda ci da shanta da wurin kwananta na kan miji, kowane malami a garin zai shaida haka. Rabon mijin kuwa ba kasuwa ta kai ba, uwarsa ce ta ci, ga ta nan da ranta da bakinta. Abin da ake buƙata kawai Yaya ta ce ba ta yarda ba, a kira tsohuwa. Na kuma san abin da ke bayan ƙarar, don ba dawa ce ta dami mai ƙara ba. In aka rubuta wa Yaya laifi, an sami aibin da alƙalin fada ya ambata, yarinya ta tafi.

Jajibirin shari'a, bayan la'asar, dangi suka taru a tsakar gidanmu. Mahaifiyarmu ta rasu tuntuni, Kawu ne babba, shi aka shimfiɗa wa buzu. A gidajenmu akwai yadda ake kashe rigima. In ƙarami ya sami saɓani da babba, ba a tambayar wa ke da gaskiya. Ƙarami ke durƙusawa ya ce ya yi kuskure, babba ya ce ya wuce, a sha ruwa a tashi. Sau da yawa na ga wanda aka zalunta ya ba da haƙuri, kuma kowa a wurin ya san shi aka zalunta, har ana ƙara ganin girmansa. A zaure wannan hanya tana aiki, don babu mai rubutawa. Ita Kawu ya naɗe ya ce Yaya ta kai wa mai shari'ar gwamnati.

Ya gyara ɗamara ya ce, "Ke mace ce, shi wan mijinki ne. Ki tsaya gaban jama'a ki ƙaryata shi? Ki jawo tsohuwa makauniya ta tona ma ɗanta asiri a bainar mutane? Ba a gidanmu ba. Mai shari'a mutum ne, shina son a girmama shi. Ki sunkuyar da kai ki ce kin yi kuskure, shi ce miki tashi ki tahi gida. Ni na riƙe ƙofar nan tun ba a haife ku ba."

Gwaggonni suka yi ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne, kamar an karanta musu aya. Yaya ba ta gyaɗa ba. Tana zaune da yarinyar a jikinta, tana murza mata yatsun ƙafa. Ta ɗago ta dube ni.

"Kai da ka yi lakol, mi ka gani? In amsa ko in musa?"

Kawu ya juyo ya zuba mini ido. Ya dube ni irin kallon da ke tuna wa mutum wanda ya samar masa rumfa. Ban taɓa musa masa magana a gaban mutane ba, ban kuma taɓa ganin wani sa'ana ya musa wa kawunsa ba. Na dubi tabarma na ce, "Kawu ya riga ya yi magana." Aka yaba mini da ladabi. Na gaya wa kaina da safe zan same ta ita kaɗai in faɗa mata gaskiya, amma da safe kafin in isa, Kawu ya riga ni, yana tsaye a ƙofarta da ɗamararsa zai raka ta. Na bi su a baya kamar baƙo. Tun daga tsohon gari har jastis akwai lungu fiye da goma da zan iya jan hannunta gefe, ban ja ba.

Mai shari'ar saurayi ne, baƙo a garin, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, da tafinta yake magana. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya tambaye ta ko ta yarda ta karɓi rabon mutumin da ba ya nan. Yaya ta durƙusa, gardi ya ce ta miƙe, ta miƙe tana kallon ƙasa.

"Na yi kuskure. A yi mini afuwa."

Tafinta ya juya, girefiye, mai rubuta duk abin da aka faɗa a zaman, ya duƙufa a kan littafinsa. Mai shari'a ya sake tambaya, ko tana da abin da za ta ƙara, ko akwai wanda ya ci hatsin ban da ita. Ƙofa ce ya buɗe mata da hannunsa. Yaya ta waiga ta nemi Kawu, Kawu ya yi mata alama da haɓa ta ƙara sunkuyawa. Ta ce ba ta da abin cewa, ta dai tuba. Ina tsaye a bayan ɗaki kusa da taga, ina jin alƙalamin girefiye yana tafiya. A shekarar nan babu mai shari'ar da zai saki wanda ya amsa laifin hatsi da bakinsa, ko da yana so. Aka ba ta wata uku a gidan kaso.

Da muka fito, na ɗauka Kawu zai ɓuya. Ina! Dakali ya wuce kai tsaye, masana suka matsa masa wuri. Ina jinsa yana bayani, wai yaran yanzu da ake ba shari'a ba su san mutunci ba, a zamanin Nasara da tuni tana gida tana tuƙa tuwo. Wani ya ce ai ba ta yi kuka ba, da ta yi kuka da an sake ta. Wani ya ce ranar ce ba ta da sa'a, da an nemi a ɗaga zuwa Alhamis. Suka yarda baki ɗaya cewa shawarar ba ta da laifi, Yaya ce ba ta iya ba da haƙuri ba. Aka zuba shayi na biyu. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su a ranar ba, kuma ina cikin rainin ina sane da cewa su ba su sani ba ne, ni kuwa na sani.

Wan mijin bai ɓata lokaci ba. Washegari ya zo rumfarmu neman a buga masa takardar karɓar kwafin hukunci. Kunya ta hana shi zuwa taburina, ya zauna wurin maƙwabcina, taku uku tsakaninmu, ina jin kowane harafi na sauka. Ya kai kwafin gaban alƙalin fada, ga tambarin gwamnati a jiki. Alƙali ya tambaya ko uwa ta musa, aka ce ita da bakinta ta amsa. Ya tambaya ko akwai kaka ta wajen uwa, aka ce ta rasu. Ni gwauro ne mai ɗaki ɗaya. Bai ga yadda zai yi ba, ya miƙa yarinya ga dangin uba. Na raka su tasha. Aka ɗora ta a bayan kamiyo tsakanin buhunan gishiri, da ɗan ƙullin kayanta. Ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi ta yi, wa zai riƙa kai wa Kaka tuwo. Mai kishin jinin nan ya ɗauki yarinya, ya bar uwarsa makauniya a ɗaki.

Ni na riƙa kai wa tsohuwar abinci. Rana ta uku ta kama hannuna ta tambaye ni me ya sa ba a kira ta ba. Na ce an ji nauyin a sa ta ta yi magana a kan ɗanta. Ta yi tsaki mai tsawo.

"Nauyin mi? Ni da na ci, mi za shi hana ni faɗi? Da a kan jaki kuka ɗora ni, da na je na gaya musu wa ya ciyar da ni, wa kuma ya cinye rabona."

Ashe duk kunyar da muka yi ta tattali dominta, ita mai abin ba ta ma san da ita ba. Babu wanda ya tambaye ta. Ta rasu kafin Yaya ta fito.

Yaya ta fito a rame, ta tarar da ɗaki babu kowa. Ba ta taɓa ce mini uffan a kan ranar nan ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sau biyu ta je Aderbissinat. Na farko aka ce yarinya ta tafi rijiya, ta zauna a ƙofa har kamiyonta ya tashi. Na biyu matar gidan ta fito ta ce ba su son ɓarauniya ta koya wa yarinya hali. Daga nan ba ta koma ba. Kowace shekara dai kafin salla takan yanka takalmi, ta ƙara faɗinsa kaɗan bisa ƙiyasi, ta ba direbobi su kai. Ban san ko ana ba yarinyar ba. Ruwa ya dawo, mijin ya dawo da ƙiba ya auri wata. Kawu ya rasu cikin girma, aka cika masallaci, ana ta cewa Allah ya jiƙan mai taimakon bayin Allah a kan shari'a. Na ce amin tare da kowa.

Tun daga lokacin duk wanda ya yi mini tambayar nan, ba na bari ya ƙarasa. Nakan ce masa jastis ba zauren gidanku ba ce. A nan in ka ce ka yi kuskure, rubutawa ake yi a buga tambari, kuma takardar za ta riga ka zuwa duk inda za ka. In ka yi, ka san abin da kake amsawa kafin ka amsa. In ba ka yi ba, ka ce ba ka yi ba, ko ubanka ne mai ƙara. Sukan saurara su gode, da yawansu kuma su tashi daga gabana su zarce dakali neman ƙarin haske, don maganar tsoho mai shayi ta fi tawa daɗin ji. Masanan farko duk sun mutu, wasu sun gaje wurin, da sababbin tabarau da tsohuwar shawara.

Shekaru sun ja, wata rana da hantsi wata mata ta tsaya gaban taburina da goyo. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Kawu, ina kwana." Sai da na dubi goshinta na gane ta, goshin Yaya ne. Takardar haihuwarta take nema, an ce sai an rubuta buƙata a kai ciki. Na sa takarda a mashin. Na tambayi sunan uba ta faɗa, na tambayi sunan uwa ta faɗa, da murya ɗaya, kamar sunan wata tasha. Na kalli ƙafarta, takalmin roba ne.

Na ce mata uwarta na nan gida, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a hanya ba. Ta ce an gaya mata uwarta ta saci hatsin masu yunwa, har an ɗaure ta. Na ture mashin gefe na ba ta labari tun daga farko, da karti, da idda, da kakarta makauniya, da wanda ya ci dawar. Ta saurara ba ta katse ni ba, tana jijjiga goyonta.

"To, Kawu, in ba ta yi ba, don mi ta amsa?"

Na ce mata uwarta ta tambaye ni ko ta amsa ko ta musa, ni kuma na san amsar, na ce mata babba ya riga ya yi magana.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Wajen shekara ashirin ta yi da labarin farko, nawa kuwa bai fi tsawon shan shayi ba, kuma babu tambari a jikinsa. Na ƙarasa buga takardar na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu ta gode, cikin ladabin da aka koya mana duka. Da ta fito daga jastis na bi ta da ido har mararraba, inda hagu ke shiga tsohon gari, dama ke zuwa tasha. Ta yi dama.

Da yamma na biya ta wurin Yaya, kamar yadda na saba. Tana zaune a tsakar gida da fata a kan cinya, tana zagaye tafin takalmi da wuƙa, salla ta kusa. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni wane labari yau a jastis. Na ce babu labari. Ta turo mini kwanon tuwo da bayan hannunta, ta ci gaba da yanka.